Ranar da Na Manta da Ajidan a Ƙofar Magaza

Kamfaninmu na gadi a kan benci aka fara shi, kuma bencin nawa ne. Na sa kafinta ya buga mini shi don masu shan kokona su sami wurin zama a ƙofar gidanmu a unguwar Briqueterie, sai tsofaffin sojoji suka mamaye shi. Maigidana ya bar soja yana kaporal, wato kofur, ya dawo mini da akwatin ƙarfe, da gwiwa mai ciwo, da abokai huɗu waɗanda su ma suka yi ritaya. Kowace safiya sai su zo su sha koko kofi ɗaya ɗaya, su zauna har azahar suna maimaita labarin bariki. Mai saye na gaske ya zo ya tarar ba wuri, ya wuce gaba.

Ran nan na fito da ludayi a hannu na ce musu tunda zama suka iya, su je su zauna inda za a biya su. A makon ne aka fasa shagunan teloli biyu a layinmu aka kwashe ɗinkin mutane. Abin da na faɗa don in kore su, su shawara suka ji. Kafin wata ya ƙare suna gadin layin teloli. Har yau in aka tambayi Maigida yadda aka kafa kamfanin, cewa yake tunani ne da ya daɗe da shi tun yana bariki. Ba na musa masa a gaban baƙi. Ludayin dai yana nan.

Daga teloli sai masu atamfa suka neme su, daga nan wani mai kayan gini a Mokolo, sai wata makarantar kuɗi, sai wani ɗan asibiti a Elig-Edzoa. Tsohon soja yana jin labari wurin tsohon soja, haka suka riƙa zuwa, 'yan arewa da 'yan kudu, Musulmi da Kirista, kowa da takardar barin aikinsa a cikin leda. Aka yi takardun hukuma, aka kama ɗaki kusa da gida aka ce buro ne, wato ofis, duk da tebur ɗaya ne a ciki. Sai aka ce mana mai gadi ba ya riƙe bindiga, kulki ne da usur, kuma tufafinsa rawaya. A nan na ga maza sun so su yi kuka. Mutumin da ya yi shekaru cikin kaki, a ce ya fito titi kamar nunanniyar ayaba. Ni na kai yadin wurin tela, ni na raba rigunan, kuma ni na ce duk wanda rawaya ta fi ƙarfinsa ya koma benci, amma ya sani yanzu kofi ɗaya ba ya sayen zama. Duk suka sa. Tun daga ranar na ɗauki kaina janar.

Mutum ɗaya ne labarin janar ɗin bai kai gare shi ba. Ajidan ne, wato a soja yana gaba da mijina nesa ba kusa ba, shi ma ya horar da shi tun yana kurtu. Dogo ne siriri, ɗan wajen Marwa, in yana Hausa kana jin Fulatanci a ƙarƙashinta, yana zaune a Nkomkana da matarsa. Ya zo neman aiki kamar kowa, da leda a hannu. Maigida yana hango shi a ƙofar buro ya miƙe ya ƙame, har kujera ta faɗi ta baya. Na ce wannan na ranar farko ne, zai wuce. Bai wuce ba. Mai kamfani ya riƙa sara wa ma'aikacinsa safe da yamma. In yana son tura shi wani posti, wato wurin gadi, ba ya iya cewa je ka, sai ya yi ta kewaye, ko Ajidan yana ganin ya dace a leƙa wuri kaza. Shi kuwa Kaporal yake ce wa mijina a gaban kowa, ni kuma Madam, da wani irin ladabi da yake sa in ji kamar an ɗauke ni an ajiye a gefe.

Rabon aiki ma hannunsa ya koma ba tare da kowa ya ba shi ba. Ba ya rubutawa. A ka yake riƙe da wanda zai je ina, da wanda zai karɓe shi, da wanda matarsa ta haihu, da mutum biyun da ba a haɗawa posti ɗaya saboda tsohuwar gaba. Shi ya kawo mana al'adar bariki: ranar Sallah Kiristoci su riƙe posti duka, ranar Kirsimeti Musulmi su rama musu. Abin yana tafiya lafiya, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Na so ya ɓaci ko sau ɗaya in sami abin faɗa.

Ina da jikoki biyu na shiga lekol, wato makarantar boko. Mahaifina atamfa yake sayarwa kamar ubansa da ya zo daga Kano, allo ya sa ni ya ce ya isa. Ya kuma isa, har sai da takardu suka fara shigo mini gida ina kallonsu suna kallona. Ajin manya bayan la'asar ake yi, in yara sun tashi, a kan kujerunsu. Gwiwoyina ba sa shiga ƙarƙashin tebur, sai in zauna a karkace. Malamar sa'ar 'yata ce. Na yi faɗa da ita sau uku a watan farko, duk ukun ni ce ba ni da gaskiya, ta haƙura da ni har shekara uku. Na fito ina karanta Faransanci a hankali, da yatsa, ina rubutu da manyan baƙaƙe masu cin wuri.

Abin da na fara karantawa da kaina shi ne kaye. Kowane posti yana da wannan babban littafi da mai gadi yake rubuta duk abin da ya faru da lokacinsa: mota ta shiga, mota ta fita, an ɗauke wuta. A da 'yata ke karanta mini, ashe tana tsallake layi. Na ɗauko kayen magazar Messa, wani ƙaton ɗakin ajiyar shinkafa da mai, inda Ajidan ya fi zama. Na sa yatsa. Ƙarfe goma, Madam ta zo. Ta yi faɗa. Goma da minti ashirin, Madam ta tafi. Na buɗe baya. Madam ta zo, ta yi faɗa, ta tafi. A wani shafin har ya ƙara da cewa babu abin da ya lalace. Shekara biyu na rayuwata ga su nan a jere, da kyakkyawan rubutu, tsakanin motar shinkafa da ɗaukewar wuta.

A ranar na ce wa Maigida tsohon nan ya isa hutu. Na kawo dalilai: ya tsufa, ba ya iya gudu, yana hana mai kamfani zama mai kamfani. Ban kawo maganar kaye ba. Maigida ya ce in bari. Ya ce mutumin ba shi da wani abin yi, aikin nan ne ke riƙe da gidansa, kuma irinsu in aka zaunar da su a ɗaki ba sa daɗewa. Da na matsa sai ya ce shi dai bakinsa ba zai iya ba. Na ce nawa zai iya, kuma yanzu hannuna ma ya iya. Kwana uku na yi ina rubuta takardar sallama, wasiƙa ta farko da na taɓa rubutawa a duniya. Ya sa mata hannu yana kallon bango. Abu ɗaya ya roƙa, in bari Babbar Sallah ta wuce. Na ninke ta na sa a jaka, ina taɓa ta lokaci lokaci in ji tana nan.

Kafin nan na ce bari in fara karɓe rabon aikin. Ana saura kwana biyu Sallah na tara su a buro, na ce daga yau kamfani ba zai tafi a kan ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ba. Za a rubuta a manna a bango. Abin da ke takarda shi ne oda, kuma kada wanda ya kira ni ko Maigida a waya yana ƙorafi. Ina maganar ina kallon Ajidan. Ya ce an ji. Ya tambaya ko ina son ya duba kafin a manna, na ce na gode, ai na je lekol.

Ranar jajibere da hantsi na zauna na ja layi da rula. Ajidan tun shida na safe yana Messa a kan tsohon tsari, sai shida na yamma za a karɓe shi, daga nan tsarina zai fara aiki. Na bi posti ɗaya bayan ɗaya ina sa Kiristoci yadda aka saba. Amma na gaya muku rubutuna mai cin wuri ne. Takarda ta ƙare saura posti ɗaya, magazar Messa. Na ce zan juya baya in ƙarasa. Sai mai kawo rago ya yi sallama, na fita muka yi ta jayayya a kan ko ragon ya rame a hanya, na dawo na ga takarda a cike gwanin kyau, na manna ta. Har ja da baya na yi na kalle ta. Kowa ya zo ya nemi sunansa, ya gani ya tafi. Wanda bai ga nasa ba ya ɗauka hutu aka ba shi, bai tambaya ba, tunda na hana.

Ranar Sallah na je idi cikin sabon leshi, muka dawo aka yanka. Maigida ya ɗauki cinya ya tafi wurin yayansa a Elig-Edzoa, ya bar wayarsa a kan firji. Wajen ƙarfe biyu ina tsakar gida, hannu duk kitse, matar Ajidan ta yi sallama. Dattijuwa ce mai magana ƙasa ƙasa, Yaya nake ce mata. Ta yi mini barka da Sallah, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta sha ruwa. Sannan ta ce ta zo ne ta ji ko akwai wata matsala a wurin aiki, don Malam bai kwana a gida ba, bai je idi ba, ragonsu kuma yana nan a ɗaure, shi kaɗai ke kuka a layin. Ta kira shi ya ce yana posti, ba a karɓe shi ba, kada ta dami kowa. Ta daure har maƙwabta suka fara aiko mata da nama kamar wadda ba ta samu ba bana.

Na ja ta muka shiga buro don in nuna mata laifin wane ne. Na sa yatsa na bi takardar har ƙasa. Na ɓanɓare ta na juya baya. Fari fat.

Na kira wanda ya kamata in sa, ya ce yana wajen gari wurin 'yar'uwarsa, in ya yi sauri ƙarfe shida. Sauran Kiristocin duk suna posti. Musulmin kowa yana kan fiɗa a gidansa, kuma gaskiya kunyar kiransu ta fi ƙarfina. Na saɓi jaka na hau moto, babur ɗin haya, da leshina.

Ajidan yana tsaye a bakin ƙofa, ba a zaune ba, riga a soke, idanu sun yi ja. Jiya ya yi azumin Arfa, daga baya na ji wata mai sayar da burodi ce ta ba shi abin buɗa baki. Ya yi mini barka da Sallah. Ni da na saba fara magana da ƙarfi, da ƙarfin na fara. Me ya hana shi kira? Ya ce an ce kada a kira. To me ya hana shi tafiya, ga kwaɗo a jikin ƙofa, wa zai saci shinkafa ranar da kowa ke cin nama?

"Ba a barin posti, Madam. Karɓa ake yi."

Na ce to an karɓa, ya tafi. Ya dube ni daga ɗankwali har takalmi ya ce wa ya karɓa. Na ce ni, matar mai kamfani. Ya ce matar mai kamfani baƙuwa ce a posti, a kaye ma haka ake rubuta ta. Wanda zai karɓe shi sai mai rigar aiki, kuma sai wanda zai zauna har shi ma a karɓe shi. In babu, zai jira ƙarfe shida, ba komai, ya taɓa yin fiye da haka.

Na tuna ragon da ke kuka a Nkomkana. Na ce ya kawo rigar.

Akwai ta ajiya a ɗan ɗakin katakon da ke bakin ƙofa. Don namiji siriri aka ɗinka ta, ni kuwa Allah bai yi ni haka ba. Na ɗora ta a kan leshi, maɓalli biyu suka yarda, sauran suka ƙi. Hular ta zauna a kan ɗankwali kamar an kifa ƙwarya a bakin tulu. Bai yi dariya ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya sa ni a gaba muka zaga magazar. Kowane kwaɗo sai na ja shi da hannuna na ce lafiya. Ya nuna mini tagar baya da take motsi, da inda ruwa ke zuba, da karen maƙwabta wanda haushinsa ba ya nufin komai. Ya gwada mini busa usur, ɗaya doguwa, ba irin ta filin ƙwallo ba. Shi ne ya yi yini biyu da kwana a tsaye, amma ni ke haki.

Sai ya buɗe kaye ya miƙo mini alƙalami. Ya ce mai karɓa ne ke rubuta lokaci da dalilin jinkiri. Na ce dalilin ba sai an rubuta ba. Ya ce ba a barin rami a kaye, mai magaza yana karantawa. Na rubuta ƙarfe uku saura kwata. Na tsaya. Shi ma ya tsaya. Na rubuta da manyan baƙaƙen nan nawa cewa Madam ta manta da posti. Ya karanta ya sa hannu a ƙasa. Ya ɗauki butarsa da tabarmar sallarsa, sannan ya juyo.

"Na ji akwai takardata a jakarki. In za ki ba ni, ba ni yanzu, na sauka daga posti."

Ban tambaye shi wa ya gaya masa ba, na san mijina. Jakar tana hammatata, a ƙarƙashin rigar rawaya, har ina jin gefen takardar.

"Baba, je ka yanka ragonka, rana tana tafiya."

Ban taɓa ce masa Baba ba sai ranar. Ya ƙame ya sara mini, irin sarawar da mijina yake masa, ya tafi. Na san ba ni ya sara wa ba, rigar ce.

Awa uku da kwata na yi a wurin. Na ɗauka ba mai wucewa tunda shaguna a rufe suke, ashe hanyar masu kai nama ce. Matar telan layinmu ta wuce a moto, ta sa aka dawo da ita baya don ta tabbatar. Wata 'yar ajinmu ta tsaya ta tambaye ni ko wannan ne aikin da lekol ta samo mini, don ita ma tana nema. Ruwa ya sauko, na gane inda ya ce yana zuba, don a nan na ajiye kujera. Na yi la'asar a kan kwali, rabin hankalina a ƙofa, Allah ya yafe mini. Ƙishi ya kama ni, ga mai ruwan sanyi can bakin titi, taku ashirin. Ba wanda zai gani. Na dai kasa tashi, kuma har yau ina jin haushin tsohon a kan wannan.

Gab da ƙarfe shida Yaya ta zo da kanta da kwano, hanta da ƙoda soyayyu da zafinsu. Ta ce Malam ya yanka, ya ci, ya kwanta, ya ce a kawo wa mai gadi. Na ci abin da zan iya. Kwanon za ta koma da shi, ba leda a kusa, sai na buɗe jaka na ciro wasiƙata ta kwana uku na juye sauran naman a ciki. Mai ya bi ta har ya ratsa sa hannun Maigida. Yaya ba ta karatu. Ta ce takardar tana da kyau, kada in ɓata. Na ce ta bari, ba ta da amfani.

Da aka karɓe ni na koma gida, na ajiye ƙunshin a gaban Maigida. Ya buɗe, ya dubi naman, ya dubi takardar, ya ci tas. Ya ce hannun Yaya dabam ne a suya. Iyakar abin da muka taɓa faɗa a kan wasiƙar ke nan.

Rabon aiki ya koma haka: Ajidan ya zauna ya faɗa, ni in rubuta, a takarda biyu, ya duba kafin a manna. Ban daina faɗa ba, shi ma bai daina rubutawa ba. Ya ƙara shekaru tare da mu har idonsa ya fara gajiya, shi ya zaɓi ranar da zai bari, ya zo da rigarsa a goge ya miƙa. Ranar ma sai da Maigida ya kayar da kujera.

Yanzu tsofaffin sojojin sun yi ƙaranci, yawancin ma'aikatanmu ba su taɓa ganin bariki ba sai ta waje. Matan layinmu har yau Vijil suke ce mini, wato mai gadi, janar ɗin kuwa ba wanda ya taɓa kirana da shi ko da kuskure. Kayen Messa yana buro. Duk sabon ma'aikaci sai Maigida ya buɗe masa shafin nan, wai don ya koyi yadda ake karɓar posti. Na ce masa akwai wasu shafukan da za su koyar da wannan. Ya ce akwai, amma babu mai manyan baƙaƙe irin nawa, ana gani ko daga ƙofa.